Babi na Shida: Loma ta Farko

A yankin Bengal, wato gabashin Indiya da ƙasar Bangaladash, mabiya addinin Hindu ba sa bari ƙwayar shinkafa ta shiga bakin jariri sai an tara dangi. Idan yaro ya kai wata shida ko kusa da haka, sai a sa rana, a yi masa ado, a ɗora shi a cinyar kawunsa, ɗan'uwan uwarsa. Kawun ne zai ɗebi shinkafar da aka dafa da madara da sukari ya sa masa a baki. Sunan bikin annaprashan, kuma ana yin sa a sassa da dama na Indiya. A Nepal ana yi wa mace tana wata biyar, namiji kuwa yana wata shida. Mutanen Japan suna yin nasu ne idan jariri ya cika kwana ɗari. Sukan jera shinkafa da miya da gasasshen kifi, har da ɗan ƙaramin dutse, sannan babba a dangi ya riƙa kai abincin bakin jaririn yana janyewa, domin yaron bai isa ci ba tukuna. Fatansu shi ne kada ya rasa abinci muddin ransa, haƙoransa kuma su fito da ƙarfi.

Mu a ƙasar Hausa muna da suna, muna da arba'in, muna kuma da yaye, wanda a da akan ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa don ya manta da nono. Ranar da aka fara ba shi koko kuwa babu mai riƙe ta. Sau da yawa ma ba uwar ce ke yanke shawara ba. Kaka ce za ta ji kuka ya yi yawa ta ce, "Nonon nan ba ya isar sa, a dama masa koko." Shi ke nan an fara. A ganina waɗancan mutanen sun fi mu ba ranar haƙƙinta, domin daga ita zuwa cikar shekara biyu ne yawancin yaran da za su tsumbure suke tsumburewa, kuma tsayin da yaro ya rasa a wannan tsakani da wuya ya cike shi daga baya.

Wata shidan nan yana da dalili a jikin yaron kansa. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, kuma ajiyar takan kusa ƙarewa a wajen wata shida. A daidai lokacin ne wuyansa ya tsaya, ya fara zama, harshensa ya daina turo duk abin da aka sa masa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa a ba jariri nono zalla wata shida, sannan a fara ƙarin abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, abin da bai zama baƙo ga wanda ya san shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata ba. Inda muke samun cikas shi ne ruwa. Uwa a Sakkwato ko Damagaram cikin zafin bazara tana ganin rashin imani ne a hana jariri ruwa, alhali wajen kashi 87 cikin ɗari na nonon kansa ruwa ne, kuma an gwada a ƙasashe masu zafi an ga yana kashe ƙishirwar jariri. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla.

Idan lokacin ya yi, kowace al'umma abin da take ci shi take tausasawa ta ba ɗanta. A Sin da Japan kunun shinkafa ne. Uwar Japan takan fara da mudu ɗaya na shinkafa cikin goma na ruwa, tana rage ruwan a hankali, tana ƙara awara da ƙananan kifaye. A Tibet garin sha'ir ne da man shanu. A tsibirin Hawai gwaza ce ake kirɓawa. Makiyayan Mongoliya sukan ba jariri kitsen jelar tunkiya ya tsotsa. Uwa a Italiya takan dafa romon kayan lambu, ta dama gari a ciki, ta zuba man zaitun da garin cuku. A Meziko wake ne da kunun masara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin lura shi ne kusan kowace al'umma tana da abin da take tsoron ba yaro, kuma idan ka duba za ka tarar wata al'ummar da shi take rainon 'ya'yanta lafiya lau.

Labarin gyaɗa ya isa misali. A Ingila da Amurka akwai yara da yawa da jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa. Da sun ɗanɗana sai borin jini ya taso, fuska ta kumbura, wani ma numfashinsa ya sarƙe har ta kai ga rasa rai. Saboda haka a shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa yaran da ake jin tsoron suna da wannan larura kada su kusanci gyaɗa sai sun shekara uku. Iyaye suka bi, larurar kuwa ba ta ragu ba. Wani likita a Landan, Gideon Lack, ya lura cewa a Isra'ila jarirai suna cin wani ɗan abin taɓawa mai suna Bamba, na masara da tunkuzar gyaɗa, tun kafin su shekara. Shi da abokan aikinsa suka kwatanta yaran Yahudawa da ke Ingila da na Isra'ila, suka wallafa a 2008 cewa na Ingila sun ninka na Isra'ila wajen sau goma a yawan masu larurar. Daga nan suka ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka riƙa ba rabi gyaɗa a kai a kai, aka hana rabi, har suka kai shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna ba da gyaɗa da wuri ya rage larurar da wajen kashi 80 cikin ɗari. Dole hukumomin lafiya suka juya shawararsu. Uwar da ke dama wa ɗanta kunun gyaɗa a Kano ko Maraɗi ta daɗe a kan hanyar da suka dawo. Sharaɗi biyu ne kawai: kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, don takan shaƙe shi, kuma a tsince wadda ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

Akwai kuma hanin da ya tabbata a ko'ina. Zuma, duk da darajarta a wurinmu, ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda takan zo da ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, wadda ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Gishiri da sukari ma jikin jariri ba ya bukatar a ƙara masa su.

Ta yaya ɗan Meziko ke tashi da son barkono, ɗan Koriya da son kabeji mai tsami, ɗanmu da son daddawa? Karatun yana farawa tun a ciki. Wata mai bincike a birnin Filadelfiya, Julie Mennella, ta sa wasu mata sun riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki, wasu kuma a farkon shayarwa. Da aka zo fara ba 'ya'yansu abinci, yaran sun karɓi kunu mai ɗanɗanon karas ba tare da yamutsa fuska irin ta sauran yara ba. An wallafa wannan a 2001. Shekara goma kafin haka ta nuna cewa idan uwa ta ci tafarnuwa ƙamshinta yana fita a nono, jaririn kuma yakan daɗe yana tsotso. Ke nan yaron da uwarsa ke cin miyar kuka da zogale da yakuwa ya riga ya san su kafin ya gan su a kwano. Sauran karatun naci ne. Masu nazarin cin abincin yara sun gano cewa yaro kan ƙi sabon abu sau takwas, sau goma, kafin ya karɓa, alhali yawancin iyaye tun a karo na biyu ko na uku suke cewa, "Ai ba ya so." Faransawa sun ɗauki wannan da muhimmanci. Sukan fara da kayan lambu, ɗaya bayan ɗaya, don yaro ya san ɗanɗanon kowanne, kuma a gidajen rainonsu ana ba 'yan shekara biyu abinci daki-daki har da cuku.

Abincin jarirai na gwangwani da na kwalba sabon abu ne a tarihi. A 1867 Henri Nestlé ya fara sayar da garin madara da alkama a Suwizalan. A 1928 kamfanin Gerber a jihar Mishigan ta Amurka ya fara sayar da niƙaƙƙen kayan lambu na jarirai. Cikin shekara talatin talla ta yi aikinta, har ya zama a shekarun 1950 ana fara ba jariran Amurka abinci suna da mako huɗu zuwa shida. Inda abin ya zama bala'i shi ne lokacin da madarar gwangwani ta shigo ƙasashen da babu ruwa mai tsabta, kuma kuɗin uwa ba ya kai ta ƙarshen wata sai ta tsinka madarar. Yara suka yi ta mutuwa da gudawa. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin taƙaita tallan madarar jarirai, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaga murya a kan tallan madarar, tun 1939 a Singafo, ita ce likita Cicely Williams, 'yar asalin Jamaika. Amma aikinta da ya fi shafar mu ta yi shi ne a Gana, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas. A asibitin yara na Ankara ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ba sa wasa, ba sa son abinci. Ta bi diddigi ta tarar kusan dukansu kunun masara kaɗai suke sha. Matan ƙabilar Ga sun riga sun san ciwon, sun san yana kama yaron da aka cire daga nono saboda an samu ƙaninsa, kuma sunan da suke kiransa da shi, kwashiyoko, shi ta shigar cikin littattafan likitanci a 1935. Duk wanda ya san yadda mutanenmu ke tsoron kwanika ya san abin da matan nan suka gani.

Wannan shi ne ciwon da ke damun yankinmu har yau, kuma tushensa yana cikin kofin koko. Ba ina kushe koko ba ne. Abinci ne mai hikima, kuma 'yan'uwansa sun cika nahiyar nan: ogi a wurin Yarabawa, uji a Kenya, a titunan Ankara ma da sunan Hausawa ake sayar da shi kowace safiya. Tsamin da gasara ke yi idan ta kwana yana hana ƙwayoyin gudawa yaɗuwa, abin da ke da matuƙar amfani a gidan da babu firji. Matsalar lissafi ce. Cikin yaro ɗan wata bakwai bai fi kofin shayi ɗaya ba. An tace gero an zubar da dusa, an dama da ruwa mai yawa don ya bi maƙogwaro, wani lokaci ma don ya bi ta bulumboti. Abin da ya rage yawancinsa ruwa ne, kuma sau da yawa bai kai nonon uwa ƙarfi ba. Yaro ya sha ya cika ciki, ya rage tsotso, uwa ta ga ya ƙoshi ya yi barci. A zahiri an musanya masa abinci mai ƙarfi da marar ƙarfi. A haka zai yi wata da watanni, ga zazzaɓin cizon sauro, ga gudawar da ake ɗora wa haƙori, har tamowa ta bayyana. Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57, a yankin da ke noma gero da wake da gyaɗa da waken suya, yake kuma kiwon shanu da kaji.

Ma'aikatan lafiya suna da gwaji mai sauƙi: a ɗebi kunun a karkata cokali, idan ya zube nan take ya yi ruwa da yawa. To amma kunu mai kauri yana yi wa ƙaramin yaro wuyar haɗiya. A Tanzaniya masu bincike sun samo mafita a shekarun 1980 daga abin da matan ƙauye suka daɗe da sani. Idan aka jiƙa gero ko dawa ta tsiro, aka shanya aka niƙa, ɗan kaɗan daga garin yana narkar da kunu mai kauri ya koma ruwa-ruwa cikin mintoci, ƙarfinsa kuma yana nan. Sai dai a murje tsiron da saiwar a zubar kafin niƙa, musamman na dawa, don yana da guba, a kuma sake tafasa kunun. A Gana an yaɗa haɗin soyayyar masara da wake da gyaɗa, mudu huɗu na hatsi da rabi-rabi na sauran, kuma irinsa ne ake kira Tom Brown a asibitocinmu. Hatsi da wake kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki, gyaɗa kuma ta kawo mai.

Shekarar 2005 ta nuna wa duniya abin da gyaɗa za ta iya. A lokacin yunwar da ta auka wa Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida uwayensu suka yi jinyarsu. Abin da ya sa hakan ya yiwu wani ɗan ƙunshi ne mai suna Plumpy'Nut, wanda likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro tare da kamfanin Nutriset a 1996. Nauyinsa giram 92 ne, ba a dafa shi, ba a haɗa shi da ruwa, yaro da kansa yake tsotsa. A cikinsa akwai markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari, sai sinadaran da aka ƙara. Magani ne na yaron da ya riga ya faɗa, kuma zalunci ne a karkatar da shi kasuwa ko babba ya shanye. Amma duk lokacin da na tuna abin da ke cikinsa sai raina ya sosu, domin ban da sinadaran, babu abin da ba a samu a kasuwar ƙauyen da aka kwaso yaran.

Ƙwai ma haka. A wurare da dama a Najeriya, har da namu, ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ko nama zai tashi da kwaɗayi har ya kai ga sata. A tsaunukan Ekwado an ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida, aka wallafa a 2017 cewa tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga bambanci a tsayin yaran ba, wataƙila don yaran can suna samun kifi dama, ga kuma yawan cututtuka. Ke nan ƙwai ba ya aiki shi kaɗai. Duk da haka, a gidan da kaza ke yin ƙwai a kai kasuwa a sayo biskit, an yi asara babba.

Saura yadda ake bayarwa. A al'ummu da yawa, daga mutanen ƙanƙara na arewacin Kanada zuwa ƙauyukan Sin, uwa kan tauna nama ko kifi ta sa wa ɗanta a baki, kuma da haka 'yan Adam suka yi raino kafin a san injin niƙa. Likitoci a yau suna gargaɗi a kai saboda cututtukan da ke bin yawu, musamman idan uwar tana da ƙanjamau ko ciwon baki. A Ingila kuwa wata ma'aikaciyar lafiya, Gill Rapley, ta yaɗa tsarin a ajiye wa ɗan wata shida abinci mai laushi a gabansa ya ɗauka da hannunsa. Mu abin da muka gada shi ne ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, a tuttula koko yana kuka yana haɗiya. Na san uwar da ke yin haka ƙauna ce da tsoro suke sa ta, ga aiki yana jiran ta, ga yaro ya ƙi ci. Amma kokon da ya kuskure hanya huhu yake shiga, ya zama ciwon nimoniya, wani yaron ma a hannun uwarsa yake cikawa. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa abinci azaba ne. Ya kamata a bar ɗura baki ɗaya.

Tun a shekarun 1920 da 1930 wata likita a Shikago, Clara Davis, ta yi gwaji da jarirai 15 da aka yaye. A kowane lokacin ci akan jera musu abinci iri-iri daga cikin fiye da talatin, har da hanta da ɓargo da kindirmo da 'ya'yan itace, masu raino kuma ba sa cewa ci wannan bar wancan. Kowane yaro ya zaɓi nasa daban, wani ya yi kwanaki a kan abu ɗaya sannan ya sauya, kuma dukansu sun girma lafiya. Yaran kaɗan ne, kuma ita da kanta ta jaddada cewa duk abin da aka jera mai kyau ne, babu alewa babu kayan zaƙi. Aikin babba shi ne ya kawo abinci mai kyau a kan lokaci, ya zauna da yaron, ya lallashe shi. Yawan abin da zai shiga ciki kuwa, yaro mai lafiya ya san gwargwadonsa. Ɗan wata shida zuwa takwas yana bukatar ci sau biyu zuwa uku a rana bayan nono, daga wata tara kuma sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa daban, domin idan aka haɗa ɗan shekara ɗaya da yayyensa a akushi guda, kafin ya kai loma biyu sun share.

Na san akwai gidajen da ko geron ma da ƙyar ake samu, kuma ba a yi wa uwar da ke cikin wannan hali wa'azin ƙwai. Wannan nauyi ne a kan hukuma da masu hali. Amma gidaje da yawa da yaransu ke kwance a cibiyoyin tamowa ba su rasa wake da gyaɗa a rumbu ba, kuma a yawancinsu ba uwar ce ke riƙe da kuɗin cefane ba. Don haka maganata ta ƙarshe a wannan babi ga maigida take. Idan akwai ɗan wata shida zuwa shekara biyu a gidanka, ka sa shi cikin lissafin cefane da sunansa: gyaɗa ko waken suya na kununsa, cokalin mai ko man shanu, garin busasshen kifi, ganyen zogale, ƙwai ko 'yar hanta duk lokacin da hali ya yi. Idan an raba nama, a fara cire nasa kafin naka. Ka kuma zauna da mahaifiyarka ka yi mata bayani cikin ladabi, domin idan Hajiya ba ta yarda ba, matarka ba za ta iya canza komai ba.